Jinyar Bishiyar Fiya

Jama'a, darasinmu na yau a kan fiya ne, watau bishiyar nan mai 'ya'ya kore, masu laushi kamar man shanu, da babban ƙwallo ɗaya a ciki. Waɗansu suna kiranta afokado. Asalinta daga ƙasar Meksiko ne da Amurka ta Tsakiya. A ƙasarmu ta fi son tudu mai sanyi da ruwan sama wadatacce, kamar Jos, da Kagoro, da Kafancan, da tsaunin Mambila. Amma mutane da yawa sun dasa ta a bayan gida, guda ɗaya tak. Wadda aka shuka da ƙwallo ta kan yi shekara 5, wani lokaci har fiye da 10, kafin ta fara 'ya'ya. To, in irin wannan ta mutu, ba ƙaramar hasara aka yi ba.

Yaya mu ke gane ba ta da lafiya? Ganyenta ya kan ƙanƙance, ya yi fari-fari, ya yi yaushi. Sama ta yi sharara, har mutum ya tsaya a gindinta ya hango sararin sama. Ƙananan rassa su fara bushewa daga baki. Wani lokaci ma sai ta yi 'ya'ya birjik, amma ƙanana. Maigida ya yi murna, alhali kuwa ƙarfinta ne ta ke ƙarar da shi.

Da mun ga ganye ya yi yaushi, sai mu ce ƙishirwa ce. Sai a sa yara su yi ta ɗebo ruwa suna kwarara mata safe da yamma. Nan ne a kan yi kuskure. Sau da yawa ba rashin ruwa ya dame ta ba, yawan ruwa ne.

Ga dalili. Fiya ba kamar mangwaro ba ce. Ƙananan saiwoyinta, waɗanda ta ke ci da sha da su, ba su yin nisa cikin ƙasa. Yawancinsu suna cikin taƙi ɗaya ko biyu daga sama. Saiwa kuwa tana numfashi, tana bukatar iska kamar yadda mu ke bukata. In ruwa ya kwanta a gindin fiya kwana biyu ko uku, iska ta fita daga ƙasar, saiwoyi su shaƙe. Ban da wannan, akwai wata ƙwayar cuta mai kama da funfuna, wadda ido ba ya gani. Tana zaune cikin ƙasa, tana yin iyo cikin ruwa har ta sami saiwa ta shiga, ta ruɓar da ita. Masana sun fara bayyana wannan cuta a shekarar 1922, a tsibirin Sumatara, a jikin itacen kirfa. Yau ita ce babbar abokiyar gaban fiya a duniya. To, bishiyar da saiwarta ta ruɓe ba ta iya shan ruwa, ko da tana tsaye cikin tabki. Shi ya sa ganyenta ke yaushi, ga ƙasa kuwa sharkaf. In mun ƙara mata ruwa, cutar mu ke yi wa hidima.

Saboda haka kafin mu yi kome, mu duba ƙasa tukuna. Mu je daidai inda inuwar rassa ta ƙare. Mu tona kaɗan da hannu, ba da fartanya ba. Mu nemo ƙananan saiwoyi. Saiwa mai lafiya fara ce, tana da ƙwari. Wadda ta ruɓe baƙa ce, da an taɓa ta sai ta karye. In mun tona wuri uku ko huɗu ba mu sami farar saiwa ba sai kaɗan, mun san inda ciwo ya ke.

Sa'an nan mu gwada ƙasar. Mu matsa can waje da inuwa, mu haƙa rami zurfin kamu ɗaya, mu cika shi da ruwa. Mu komo kashegari. In ruwa na nan kwance, ƙasar ba ta tsotse ruwa, yumɓu ya yi mata yawa. Aikinmu na fari shi ne mu yi wa ruwa hanya. Mu ja ƙaramar kwata wadda za ta kwashe ruwan sama, da na indararo, ta kai shi nesa. Wannan aiki kafin damina a ke yinsa, kada a jira sai Agusta.

Akwai wani abu da ya fi yawa a gidajenmu. Mu kan dasa bishiya kusa da rariya ko wurin wanka, mu ce ta sami ruwa a banza. Ayaba ta kan jure wannan, fiya ba ta jurewa. Ruwan rariya yana ɗauke da sabulu, da fitsari, da gishiri, da ruwan kanwa. Fiya kuwa tana cikin itatuwan da ba su shiri da gishiri ko kaɗan. Alamarsa ita ce bakin ganye ya ƙone ya yi ja, kamar an kara masa wuta, sauran ganyen yana kore. Iskar hunturu ta kan ƙara tsananta wannan. Maganinsa a juya rariya ta bi wata hanya. A daina zuba tokar murhu a gindin. Da rani, in ƙasar mai tsotse ruwa ce, a ba ta ruwa mai daɗi da yawa sau ɗaya, don ya wanke gishirin ya yi ƙasa da shi.

To, yaushe za mu ba ta ruwa? Ba mu da ranar da za mu yanka muku, gama ƙasa ta bambanta. Hannu ne alƙali. A ɗebi ƙasa daga zurfin taƙi ɗaya a dunƙule. In ta dunƙulu, akwai laima, a dakata. In ta warwatse, a ba ta. Kuma ba a jikin kututture a ke zuba ruwa ba. A zuba shi kewaye, ƙarƙashin inuwar rassa, inda bakin saiwoyi ya ke. Bishiyar da ta zubar da rabin ganyenta ba ta shan ruwa kamar da, sai a rage mata.

Yanzu ga batun shara. Matan gida suna son tsakar gida fes, wannan kuwa abin yabo ne. Amma a gindin fiya tsintsiya ɓarna ta ke yi. Ganyen da ya zuba shi ne bargonta. Yana tare zafin rana, yana riƙe laima, in ya ruɓe kuma ya zama abinci. Har ma ƙananan halittun da ke ruɓar da shi suna yaƙi da cutar nan da muka faɗa. A bar shi. A ƙara masa busasshiyar ciyawa, ko ɓawon gyaɗa, ko yankakken kara, kaurin yatsa huɗu. Sai dai a bar tazarar taƙi ɗaya tsakaninsa da kututture, don kada ɓawo ya ruɓe, kuma a riƙa dubawa saboda gara. Kada a yi noma a gindin. Kada a kafa turke a wurin. Kada kuma a tara ƙasa a jikin kututture.

Wani zai ce, taki fa? Marar lafiya ba a fara shi da tuwo mai nauyi, sai kunu. Takin zamani da yawa, ko ɗanyen kashin kaji, ƙone sauran saiwoyin zai yi. A jira sai an ga sabon toho. Sa'an nan a barbaɗa ruɓaɓɓen takin gargajiya kaɗan kaɗan.

Rassan da suka bushe a yanke su. In ana shakka, a kankare ɓawo da farce. In cikin kore ne, reshe na da rai. 'Ya'yan da ta ɗauka a wannan shekara a tsinke su tun suna ƙanana. Mun san wannan da zafi, amma gara a rasa 'ya'yan shekara ɗaya. Tun da ganye ya ragu, rana za ta bugi ɓawo ta tsattsage shi. A dama farar ƙasa da ruwa a shafa wa kututture da manyan rassa.

Ku lura da wannan ƙwarai: ganyen da aka yanko kada a ba dabbobi. Ganyen fiya yana da dafi ga akuya, da doki, da zomo, da tsuntsaye. Akuya mai shayarwa in ta ci, hantsarta ta kan kumbura, nono ya ɗauke. In ta ci da yawa tana iya mutuwa.

Ba kowace zubar ganye ce ciwo ba. Fiya ta kan zubar da tsohon ganye lokacin da ta ke fure, sabo ya biyo baya nan da nan. Wannan ba kome.

Akwai maganin da a ke fesa wa fiya, ko a yi mata allurarsa a kututture, don ta jure ruɓar saiwa. Ba ya kashe cutar daga cikin ƙasa, kuma gwajinsa aikin malamin gona ne. A kai masa ganye da saiwa ya gani, kada a saya da ka a kasuwa.

Tun da yanzu mun iya rubutu, kowa mai fiya ya ware shafi ɗaya a littafinsa. Ya rubuta ranar da ya fara jinya, da ranar da ya ba ta ruwa, da ranar da ya fara ganin toho. Sauƙi ba ya zuwa cikin mako guda, ya kan ɗauki watanni. In damina ta zo ta wuce babu toho, aka kankare kututture kuma aka tarar cikinsa ya bushe, to, ta tafi. A sare ta. Kada a dasa wata fiya a wannan rami, gama cutar tana daɗewa cikin ƙasa shekaru da yawa. A nemi wani wuri mai tudu, nesa da rariya, a tara ƙasa kamar kunyar doya a dasa a bisa. In da hali a nemi dashen da aka yi wa aure, shi ya kan fara 'ya'ya cikin shekara 3 ko 4.