Darasi Daga Tarihi: Romawa Da Gonakinsu

'Yan'uwa cikin Kristi, sau da yawa mukan ji sunan Romawa a karatun Linjila, kamar Kaisar Augustas wanda ya ba da umarnin ƙidaya, da Bilatus wanda ya yanke wa Ubangijinmu hukunci. Ya kamata mu san asalinsu, gama a cikin tarihinsu akwai abin da ya shafi gonakinmu. Shekarun da za mu ambata duka na kafin haihuwar Kristi ne, baya-baya ake ƙirga su.

Bisa ga labarin kakanninsu, an kafa Roma a shekara ta 753, a bakin kogin Tiber cikin ƙasar Italiya. Mutanenta ƙananan manoma ne. Maigida ke da iko a kan 'ya'ya da jikoki da gona, kamar yadda muka sani a gandu. Abincinsu faten alkama ne da wake da man zaitun. Mai gona shi ake kira yaƙi, da makamansa na kansa, in an gama ya koma noma. Sukan ba da labarin Sinsinatus, wanda aka tarar yana huɗa a shekara ta 458, aka danƙa masa mulki don ya ceci gari. Bayan kwana 16 ya ajiye mulkin, ya koma gonarsa.

Da irin waɗannan manoma Roma ta mallaki Italiya, ta kuma rushe birnin Kartaj, a Tunisiya ta yau, a shekara ta 146. Amma nasarar ta zo da cuta. Soja ya yi shekaru a bakin daga, gonarsa ta zama saura, bashi ya ci iyalinsa. Attajirai suka saye gonakin, suka zuba bayin da aka kamo a yaƙi. Manoma suka kwararo birni, suna haya a benaye masu cunkoso da yawan gobara, kowace safiya suna zuwa gaisuwa ƙofar mai kuɗi don samun na cefane.

A shekara ta 133 Tiberiyas Girakus ya kawo dokar da ta hana mutum ɗaya riƙe fiye da kimanin hekta 125 na ƙasar gwamnati, ragowar kuwa a raba wa marasa gona. A shekarar nan aka kashe shi. Tarzoma da yaƙin basasa suka biyo baya har kusan shekara 100, kafin mulki ya tabbata a hannun Augustas a shekara ta 27. A zamaninsa mutum wajen 200,000 ne ke karɓar alkama kyauta daga gwamnati a cikin birnin.

Mu da ke zaune a ƙasar Bichi da Dambatta da kewaye mun san darajar 'yar gona. Kowace damina ana noma ta ba hutu, taki ne ke riƙe da ita, gado kuma yana ƙara tsaga ta. Idan rashin lafiya ko biki ko bashi ya matsa, jingina da sayarwa ke fara zuwa zuciya. Kuɗin kan ƙare cikin watanni, gonar kuwa da wuya ta dawo.

Saboda haka, kafin ɗan'uwa ya rabu da gonarsa, bari dangi da ƙungiyoyin Ikilisiya su zauna su nemi wata hanya, ko rance ba ruwa, ko gayya, ko gudummawar hatsi. Mai hali kuma kada ya mai da ƙuncin maƙwabcinsa ganima. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanmu. Amin.