Yadda Ake Haɗa Waƙar Rawa a Damagaram

Waƙar da ake cashewa da ita a gidajen biki na unguwannin Birni da Zango galibi aikin mutum biyu ce: mawaƙi da mai kiɗan fiyano. Wannan salo da ake kira nanaye a Kano ya bunƙasa tare da finafinan Hausa, kuma Sangaya na 1999 na cikin finafinan da suka kafa shi. Nijar ma tana da hannu a ciki. Tun 1978 Mamman Sani ya naɗi kiɗan ogan na lantarki a Yamai, ga kuma Fati Nijar, 'yar Maraɗi, wadda muryarta ta cika finafinan Kano. Ga yadda aikin ke tafiya.

Da farko sai a samo amshi. Mawaƙi ba ya fara rubuta baitoci sai ya sami ɗan gajeren kari da yaro zai iya kamawa a ji ɗaya. Yakan rera shi a wayarsa don kada ya kuɓuce masa, sannan ya ɗinka baitoci uku ko huɗu a kansa. Idan amshi ya yi nauyi a baki, komai daɗin baitocin, waƙar ba za ta je ko'ina ba.

Na biyu, kiɗa. Mawaƙi zai zauna kusa da mai fiyano yana rerawa, shi kuwa yana lalubo sautin da ya dace da muryar a kan fiyanonsa na Yamaha. Ganga ake fara sawa, domin ita ce ke riƙe ƙafar mai rawa. Sai a bi ta da sauti mai kauri, sannan sarewa ko algaita, duk daga cikin na'urar. A nan gwani ke bambanta da ɗan koyo: gwani ya san inda kalangu ke tsinkewa ya dawo, don haka yakan bar wa mata gurbin juyi tsakanin baiti da baiti. Yau da yawa sun koma haɗa kiɗan a kwamfuta da FL Studio, amma kunnen da ake bukata bai sauya ba.

Na uku, ɗora murya. Ana shiga ɗan ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da soso. Namiji ya yi baiti, mace ta mayar masa, kamar yadda ake yi a finafinan Indiya da Hausawa suka daɗe suna kallo. Idan waƙar biki ce da aka biya, a nan ake jero sunan amarya da ango da ƙawaye.

Na huɗu, tacewa. Ana daidaita murya da Auto-Tune, a rage abin da ya danne kalmomi, domin Bahaushe ko yana rawa yana son ya ji abin da ake faɗa. Mai wayo ba ya yarda da lasifikar sitidiyo kaɗai; sai ya gwada waƙar a ƙaramar waya, tunda a nan mafi yawan jama'a za su ji ta.

Na biyar, saki. Ba a sakin waƙar rawa cikin azumi. Ana jiran sallah da lokacin bukukuwa. Za a miƙa ta ga masu tura waƙa a Kasuwar Dole, da masu sa kiɗa a biki, da gidajen rediyo irin su Anfani. Daga nan sai WhatsApp da TikTok, har ta tsallaka Magarya ko Matamaye ta shiga Daura da Kano.

Matakin ƙarshe ba ya hannun waɗanda suka yi waƙar, yana hannun jama'a. A 2020, lokacin kullen korona, waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta sa matan aure suna yi wa mazajensu rawa suna sawa a intanet. Wasu malamai suka yi tir, wasu mutane suka ce ai soyayyar halal ce, ce-ce-ku-cen kuma ya ƙara yaɗa waƙar. Shi ya sa mawaƙin Damagaram ke auna kalmominsa tun a matakin farko: yana son 'yan mata su tashi idan an sa ta, ba ya kuma son uwar amarya ta ce a kashe.