Bamaguje Da Sabon Gero A Makarantar Kwana

'Yan'uwana ɗalibai, kun sha tambayata dalilin da ya sa ba na taɓa gumbar sabon gero in mun dawo daga hutu a watan Satumba. To, ga amsa.

Ni Bamaguje ne. Maguzawa Hausawa ne waɗanda suka riƙe addinin kakanni. Wani Ba'amurke, Joseph Greenberg, ya zauna cikinsu a ƙasar Kano, ya buga littafi a kansu cikin 1946. A lokacin Dutse ma tana cikin Lardin Kano.

A gidanmu, in gero ya nuna, maigida ne ke yanka wa iskokin gida kaza ko akuya, a zuba musu giya, sa'an nan kowa ya ci sabo. Yaro ba ya yanka. Saboda haka ni da nake nan ni kaɗai, abin da ke kaina shi ne in kame bakina har saƙo ya iso cewa baba ya yi. Ranar nan sai in daka gumba, in zuba kaɗan a ƙasa, in yi godiya, saura mu ci tare.

Don haka ina roƙonku, ku daina yi mini dariya. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.