Kafin ka kama ɗaki a Las Vegas

Ba caca kaɗai ke kai mutum Las Vegas ta Amurka ba. Wasu baje kolin kayan fasaha na CES na watan Janairu ke kai su. In tafiyar ta kama ka, kada farashin ɗaki da ka gani a intanet ya ruɗe ka. Manyan otal-otal na ɗora ƙarin kuɗi kowane dare, wai na wurin ninƙaya da sauransu, ko ka shiga ruwan ko ba ka shiga ba. Tambayi jimilla tukuna.

A yawancinsu kuma sai ka ratsa zauren caca, ga hayaƙin taba ga ƙarar na'urori, kafin ka kai ɗakinka. In ba ka son haka, nemi otal irin su Vdara, babu caca a ciki. Galibi kuma ɗaki ya fi araha a tsakiyar mako.