Darasi: Idan Sanyin Hunturu Ya Ragu

'Yan'uwa, a ƙasar Bichi da Ɗambatta mun saba da hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu: iska ta taso daga Sahara, hazo ya rufe gari, dattawa su kewaye wuta da asuba. A 'yan shekarun nan manoma da yawa suna cewa sanyin yana makara, kuma ba ya daɗewa. Marar bargo zai yi murna, amma manomin rani yana da abin damuwa.

Alkama tana bukatar sanyin dare. In zafi ya riske ta tana cika ƙwaya, sai ƙwayar ta motse, buhu goma ya kasa cika. Masu noma da ruwan madatsun Watari da Tomas su ne farkon ji a jika.

Tushen abin shi ne hayaƙin fetur da kwal, da kuma sare dazuzzuka, waɗanda suke sa sararin sama ya riƙe zafin rana. Hukumar Yanayi ta Duniya ta tabbatar cewa shekarar 2024 ta fi duk waɗanda suka gabace ta zafi, tun da aka fara ajiye lissafi.

Me ya rage mana? Na farko, mu shuka alkama tun tsakiyar Nuwamba, domin ta nuna kafin zafin Maris. Na biyu, mu daina sare gawo. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi suke renon tohon kututture a gonakinsu, har ƙasar ta sake yin itatuwa. Itace ba zai komo da sanyi ba, amma yana tare iska, yana riƙe danshi.

Mu tattauna: itace nawa kakanninmu suka bar mana a gona, nawa kuma za mu bar wa jikoki?