Yadda ake alkakin Sallah a Sakkwato

Azumi na kaiwa ashirin, matan da suka yi suna a alkaki a cikin garin Sakkwato sun rufe karɓar aiki. Wanda ya makara sai ya haƙura da cincin, don alkaki ba ya yarda a fara shi yau a gama yau.

Daga kasuwa ake farawa, da sassafe kafin rana ta buɗe. Ko a Tsohuwar Kasuwa ko a Babbar Kasuwa, wadda gobarar Janairun 2021 ta ci wani sashe nata, abin da ake nema shi ne alkama 'yar gida, irin ta noman rani da ake kawowa daga wajen Goronyo da Wurno. A duba ƙwayar ta cika, babu ƙwari. Sai sukari, man gyaɗa, tsamiya, kanwa, da nono mai tsami daga hannun Fulani. Tsince alkama da wanke ta da shanya ta kowa ya iya. Abin da za a ja wa mai inji kunne a kai shi ne ɓarzo ake so. In ya niƙe ta ta yi laushi kamar fulawa, to, dubulan za a yi, alkaki ya wuce.

A murje ɓarzon da mai har ya shiga ko'ina, a sa ɗan gishiri, a kwaɓa da nono da tauri, a rufe ya kwana. 'Yan mata yanzu sun fi son yis saboda sauri, kuma yana tashi, amma ɗan tsamin nan da ke ɓoye a bayan zaƙi nono ne ke ba da shi. In azumi ya faɗo cikin bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, kwaɓin ba ya jiran wayewar gari. Mai alkaki takan buɗe shi tun da sahur ta shinshina, ta yayyafa ruwan kanwa ta kashe tsamin da ya yi yawa. Daga nan sai turmi. A kirɓa har ya yi danƙo, a mulmula shi siriri, a naɗe. Kowane gida da irin naɗinsa, kuma tsofaffi kan gane alkakin wance daga naɗin tun ba su kai baki ba.

Sana'ar ta matan cikin gida ce, galibi gado daga uwa ko goggo. A unguwanni irin su Kanwuri da Ƙofar Atiku akwai matan da ba su taɓa kafa tebur a bakin titi ba, amma da kuɗin alkaki da nakiya suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Sallah ɗan ƙari ce kawai a wurinsu, babban cinikin na gara ne, inda dangin ango ke buɗe fanteka su auna darajar gidan amarya.

Suya da ruwan sukari su ne inda ake raba mai hannu da mai koyo. Mai ya kasance da yawa, wuta kuwa kaɗan. Alkaki yana da kauri, ɓarzo kuma ba ya nuna da wuri, saboda haka wuta mai ƙarfi za ta ja bayansa ya yi ja alhali cikinsa ɗanye ne, kwana kaɗan ya yi funfuna. Na sha jin wata tsohuwa a unguwarmu tana ce wa jikarta, "Ke ɗiyag ga, rage wutag ga, ba ƙosai kike toyawa ba." Sai ta zare itace biyu da kanta, ta koma ta zauna. Ana barinsa a cikin man yana ɗan tsatsa a hankali, ana juyawa, har kumfar ta kwanta, ya yi sauƙi a kan matsami, launinsa ya koma ruwan zuma.

A ɗaya murhun kuma sukari na dahuwa da ruwan tsamiya da aka tace, ko lemun tsami. Tsamin nan shi ke hana sukari komawa ƙanƙara in ya huce. Duk alkakin da ka gani ya yi fari fat a jiki yana zubar da gari, an yi rowar tsamiya ne ko an dafa sukarin ya zarce. In kuma bai dahu ba, alkakin zai jiƙe ya saki jiki. Mai azumi ba ta ɗanɗanawa, da yatsu take gwaji: ta ɗiga kaɗan, ta bari ya sha iska, ta matse tsakanin babban yatsa da manuni ta buɗe. In zare ɗaya ya miƙe bai tsinke nan take ba, ya yi. Daga cikin mai ake tsamo alkakin da zafinsa a jefa cikin ruwan sukarin, don zafin ne ke sa ya zuƙe shi har ciki. Wanda ya huce kafin a tsoma shi, bayansa kawai zai sha. Masu hali kan sa zuma, kuma a ganina ko ludayi ɗaya ne aka zuba, bambancin ba ya ɓuya.

  

A tsame alkakin a kwando ya tsane, kada a rufe shi sai ya huce sarai, in ba haka ba gumi zai lalata aikin kwana biyu. Wanda aka soya da kyau yakan yi watanni a cikin bokiti mai murfi. Mai saye kuma kada ya ji nauyin cewa a karya masa ɗaya. Ya duba tsakiyar: in ta soyu ta yi duhun sukari, ya biya. In fara ce busasshiya, ya yi godiya ya ƙara gaba.