Ilmin Kimiyya: Jita-jita A Kan Wutar Rana Da Motar Batir

Yau daga Greensboro nake yi muku magana, watau wani birni a Jihar Karolina ta Arewa, cikin ƙasar Amurka. Za mu ɗauko maganganun da ake yawo da su game da wutar hasken rana da motar da ke tafiya da batir, mu sheƙe su, mu raba tsaba da ƙaiƙayi.

Abin da ya sa zancen ya yi zafi a nan shi ne, kamar mil 20 kudu maso gabas da birnin, kusa da wani ƙaramin gari mai suna Liberty, kamfanin Toyota ya gina ma'aikatar yin batiran mota. A watan Disamba na 2021 aka ba da sanarwar aikin, kuɗinsa kuwa ya yi ta hawa har ya kai dala biliyan 13.9, ana kuma sa ran mutum wajen 5,000 za su sami aiki. A 2025 batiran farko suka fito. To, inda abincin mutane da yawa ya rataya, nan bakuna suke yawa.

Mu fara da rana. A watan Disamba na 2015, a wani ƙaramin gari da ake kira Woodland, can gabashin jihar nan, majalisar gari ta ƙi yarda a kafa filin farantan hasken rana. A wajen taron wani ya ce farantan za su tsotse ƙarfin rana duka, aka kuma ce tsirrai za su rasa haske. Jaridun duniya suka yi ta dariya.

Ga yadda abin yake. Faranti ba ya jawo haske daga nesa. Tamkar ƙwarya yake da aka ajiye a tsakar gida ana ruwan sama: abin da ya faɗo cikinta kaɗai take tarawa, ba ta rage wa gonar maƙwabci ko ɗigo ɗaya. Daga hasken da ya sauka a kansa ma, wajen kashi 20 cikin 100 ne yake mayarwa lantarki. Inuwa dai akwai ta a ƙarƙashinsa, kamar ta kowace rumfa. Amma fa, a ganina, jaridun ma ba su yi wa mutanen Woodland adalci ba, gama kafin ranar an riga an yarda da filaye uku irin wannan a kewayen garin, babban kukan jama'a kuwa shi ne gonaki suna ƙarewa, darajar gidajensu tana faɗuwa. Kun ga ke nan jita-jita ba gefe ɗaya take fitowa ba.

Magana ta biyu ita ce, wai wutar rana da ta iska su ke jawo ɗaukewar wuta. A ranar 24 ga Disamba, 2022, aka yi wani matsanancin sanyi a nan, har kamfanin Duke Energy ya yanke wa gidaje da shaguna wajen 500,000 wuta bi da bi. Da aka bincika, sai aka tarar sanyi ne ya daskarar da waɗansu na'urori a tashoshin gas da na kwal, har da tashar Dan River da ke arewa da Greensboro, wutar da aka yi niyyar sayowa daga maƙwabta kuma ba ta samu ba. Da asuba abin ya fara, rana ba ta fito ba, babu kuwa wanda ya sa ta cikin lissafin wannan sa'a. Haka a Teksas, a watan Fabrairu na 2021, aka ɗora wa injinan iska laifi, alhali rahoton hukumar tarayya ya nuna kashi 58 cikin 100 na injinan da suka gaza na gas ne. Ƙwayar gaskiyar da ke cikin zancen ita ce faranti ba ya ba da kome da dare. Saboda haka ne ake haɗa shi da batir, ko da wata tasha.

Yanzu sai mota. Ana cewa hayaƙin da ake fitarwa wajen ƙera batirinta ya fi wanda motar fetur za ta yi duk rayuwarta. Rabin farko na zancen yana da tushe: haƙar ma'adinai da gasa su yana cin wuta ƙwarai, don haka ranar da motocin biyu suka fito daga ma'aikata, mai batir ce ke ɗauke da bashi mafi nauyi. Sai dai kowace lita ta fetur da aka ƙona tana sakin wajen kilo 2.3 na iskar kabon, kullum, muddin mota tana tafiya. Injin fetur kuma mai ɓarna ne. Bisa lissafin Ma'aikatar Makamashi ta Amurka, kashi 12 zuwa 30 cikin 100 na ƙarfin fetur ne ke isa ga tayoyi, saura ya tafi a zafi, shi ya sa ba ka iya dafa kan injin bayan tafiya. A motar batir kuwa fiye da kashi 77 ne ke isa. Da irin wutar da ake da ita a Amurka, cikin shekara ɗaya zuwa biyu ta tuƙi motar batir takan biya bashin nan, daga nan sai riba.

Amma lalle ku lura da sharaɗin: ina wutar ta fito? Wanda zai cika batirin motarsa a Kano da janareton dizal, kusan ya mai da hayaƙin ne daga bayan mota zuwa bayan gida.

Akwai kuma masu cewa batirin shekara biyu yake yi ya mutu, kamar na wayar hannu. A Amurka kamfanoni suna ba da lamunin shekara 8 ko mil 100,000, awon da aka yi wa dubban motoci kuma ya nuna ƙarfinsa yana raguwa da wajen kashi 2 cikin 100 a shekara. Abin da ya kamata mutumin Sakkwato ko Maraɗi ya tambaya shi ne zafi, domin zafi mai yawa yana tsofar da batir da wuri. A ajiye mota a inuwa, kada kuma a bar ta cike maƙil cikin ranar bazara. Faranti ma haka: haske yake so, ba zafi ba, in ya wuce digiri 25 aikinsa yakan ɗan ragu, ƙurar hunturu kuwa in ta lulluɓe shi sai an wanke.

Batun ma'adinin kobalt, wanda wajen kashi 70 cikin 100 nasa daga Kwango yake fitowa, inda ake samun yara a waɗansu ramukan haƙa, wannan ba jita-jita ba ne. Akwai batiran ƙarfe da fosfet waɗanda babu kobalt a cikinsu ko kaɗan, su za mu duba a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.